Wasiƙa Daga Kuala Lumpur: Labarin G71

Yau mako biyu ke nan da na baro sanyin Ingila na sauka Kuala Lumpur, inda kusan kullum da la'asar sai an sheƙa ruwa. Kawu ya sake tambayata a waya, "Wai kai karatun me kake yi ne da ba ya ƙarewa?" To yau zan ba da amsa, amma sai kun yi haƙuri, don sai na bi ta tarihi.

Kun san yadda masassaƙi ke yin turmi. Da farko sara yake yi da gatari da gizago, yana zubar da itace ba tausayi, sai siffa ta fito sannan ya koma gyaran fuska a hankali. Haka injin sassaƙa ƙarfe yake, irin wanda ke juya sandar ƙarfe wuƙa tana cinta, kamar waɗanda kuke gani a Panteka. Bambancin kawai shi ne nawa kwamfuta ce ke tuƙa wuƙar, shi ake kira CNC. Aikina tsara lafazin umarnin da za a rubuta wa injin ya yi wancan saran farko da kansa. Layi biyu ne kacal, amma sun ci min wata takwas.

Abin ya faro ne a ƙarshen shekarun 1940 a garin Traverse City da ke jihar Michigan ta Amurka. John Parsons da injiniyansa Frank Stulen suna ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, sai suka riƙa lissafa wuraren yanka da na'urar IBM mai aiki da kati, ma'aikata suna murɗa hannun inji bisa lambobin. A 1949 rundunar sojin saman Amurka ta ba da kwangila, aikin ya koma jami'ar MIT, kuma a 1952 aka nuna injin da ke karɓar umarni daga zaren takarda mai huji. Wannan takardar ce ta haifi yaren da muke fama da shi har yau. Kowane harafi sai an huda masa layi, don haka ba wurin surutu: harafi ɗaya da lamba. G na faɗin irin motsin, X da Z na faɗin wuri, F saurin cin wuƙa, N lambar layi. A farkon shekarun 1960 aka daidaita shi a Amurka da sunan RS-274, a 1982 ya zama ƙa'idar duniya, ISO 6983.

Sai dai ƙa'idar ba ta tsara saran farko ba. A zamanin takarda, kowane zagaye da hannu ake rubuta shi: shiga, yanka, janye, koma. Zagaye arba'in, layi ɗari da sittin, kuma kuskure ɗaya ya isa ya karya wuƙa. Da injuna suka samu ma'adanar bayanai a shekarun 1970, sai ya yiwu a zana siffar ƙarshe sau ɗaya, injin ya lissafa zagayen da kansa. Nan kowane kamfani ya kama gabansa. Wanda hanyarsa ta fi yaɗuwa shi ne FANUC na Japan, wanda Seiuemon Inaba ya jagoranta, ya kuma balle daga Fujitsu a 1972. Ga yadda nasu yake:

G71 U2.0 R0.5
G71 P10 Q20 U0.4 W0.1 F0.25

P da Q na nuna layin da zanen siffar ya fara da inda ya ƙare. R janyewar wuƙa ce bayan kowane yanka. To ku dubi U. A layin farko zurfin yanka ne, kuma daga gefe ɗaya ake auna shi, wato cin milimita 2 na rage kaurin sandar da 4. A layi na biyu kuma U ɗin nan dai shi ne ɗan naman da za a bar wa gugar ƙarshe, ana auna shi a kan kaurin gaba ɗaya. Harafi ɗaya, ma'ana biyu, ma'auni biyu! Tsofaffin injunan FANUC da na kamfanin Haas na Amurka layi ɗaya suke yi, zurfin ya zama D. Siemens na Jamus kuwa CYCLE95 suke kiran nasu, G71 a wurinsu ma'anarsa "yi awo da milimita".

Abin da ya kawo ni Malesiya ke nan. A 1982 Mahathir ya ce ƙasar ta dubi Gabas ta koyi aiki daga Japan da Koriya. Aka kafa kamfanin mota na Proton a 1983, motar Saga ta fito a 1985, ƙananan masana'antun kayan mota suka yawaita. A 1991 kuma aka kafa cibiyar horo ta haɗin gwiwa da Jamus, GMI. Shi ya sa a rumfa ɗaya sai ka tarar da injuna masu yare daban daban suna aiki kafaɗa da kafaɗa.

A wata ƙaramar masana'anta a bayan gari na gwada nawa tsarin. Ni da wayona na watsar da haruffan, na sa cikakkun kalmomi, kowa ya karanta ya gane. Dattijon da ke kula da injunan, wanda ya shekara talatin a aikin, ya nuna min madannan injin da hannunsa mai baƙin mai, ya ce wa zai tsaya yana buga doguwar kalma a nan? Ya ɗauko wani tsohon littafi da ya ja wa layi uku, kowane inji da ma'anar haruffansa. Sannan ya ce a fara gudanar da umarnina a iska, ba ƙarfe. Allah Ya taimake ni da ya yi haka. Manhajata da ke mayar da kalmomin zuwa G71 ta ɗauki U na farko a matsayin kaurin gaba ɗaya, ta rubuta 4 a inda ya kamata 2. Da akwai ƙarfe, da wuƙar ta ci ninki biyu, kuma kuɗinta ba na ɗalibi ba ne. Bai ce min komai ba, shayi kawai ya miƙo min. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Ba ni kaɗai abin ya wahalar ba. LinuxCNC, manhajar kyauta da ta samo asali daga hukumar NIST ta Amurka, sai a sigarta ta 2.9 a 2023 ta samu G71. Sun riƙe sunan, amma sun ajiye siffar a wani sashe dabam da Q ke kira, suka ba zurfi harafin I, ragowar nama kuma D. Tsari ne mai tsabta, na yaba. Amma D ɗin nan a injin Haas zurfi ne, wato littafin dattijo ya samu layi na huɗu.

Shawarar da na yanke: zan bar G71 da P da Q yadda hannuwa suka saba, amma kafin wuƙa ta motsa sai injin ya rubuta wa mai aiki zurfin da kaurin da zai rage, in kuma lambobin sun saɓa ya ƙi tashi. Malamina bai amince ba tukuna, yana ganin na ja da baya. Ni kuma ina tunanin injunan da ke isowa gida, waɗanda galibi na hannu ne, wasu ko littafinsu babu.

Auta, in ka shiga Sharaɗa ko Bompai ka ga irin injin nan, don Allah ka nemi izini ka ɗauko min hoton madannansa da sunan da ke jiki. A gaida Inna, a ce mata ƙullin yajin ya iso lafiya. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu.