Wa Ya Kawo Littafi Cikin Gida?

 Ina gaishe ku da aiki, musamman ku na ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, ba fegin da aka bari a banza. Na san hannu ba ya zama: ga surfe, ga ɓarar gyaɗa, ga ƙuli a kan wuta. To ki ɗan rage wutar, ki jawo rediyon kusa.

Cikin wasiƙun da suka zo mana akwai ta wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Bichi. Ba da hannunta ta rubuta ba, ƙanin maigidanta ta sa. Ta ce 'yarta tana aji huɗu na firamare amma har yanzu ba ta iya haɗa baƙi ba, kuma ba ta taɓa dawowa gida da littafi ba. Ita kuwa babbar 'yar abokiyar zamanta kwana take tana karatu a waya, ba wanda ya san abin da take karantawa. Maigida ya ce in an yi kaka zai sayo musu littattafai, amma a faɗa masa sunayensu. Tambayarta ke nan: waɗanne za ta ce ya sayo?

Zan ba ki sunaye, 'yar'uwa. Amma bari mu ɗan koma baya tukuna, don ki san littafi ba baƙo ba ne a gidan kulle, kuma bai taɓa shigowa da ƙafarsa ba. Kullum akwai wanda ya ɗauko shi ya tsallake zaure da shi.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta san matsalar da kike ciki sarai. Ta ga matan ƙauye masu ƙananan yara ba za su iya barin ɗakunansu su je Sakkwato neman ilimi ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa ta sa a ka don a san ta. Jaji takan taho daga ƙauyensu da tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba a kai ɗaki ba, su zauna gaban Nana su haddace waƙoƙinta na sallah da tsarki da tarihin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da zaman lafiya da maƙwabta. Daga nan su koma gida su bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan aure. Su ne ake kira 'yan taru. Da Larabci da Fillanci da Hausa ta yi rubutu, na Hausar kuma da ajami. Mahaifinta ma ya yi faɗa ƙwarai a rubuce da malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu. Saboda haka in wani ya ce miki karatun mace bidi'ar zamani ce, kin san abin da za ki tuna masa, cikin ladabi.

Littafin boko kuwa ta hannun maza ya fara zuwa, kuma ya daɗe a zaure kafin ya ƙaraso tsakar gida. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara da talifi na Zariya, ya sa gasar ƙaga labari. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Bayan 'yan shekaru Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, a 1939 kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Duk cikin marubutan nan ba mace ko ɗaya. Masu karantawa ma 'yan makaranta ne da ma'aikatan En'e. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, har aka yi wa lardin Kano jaridarsa mai suna Sodangi. Amma ajin a gindin bishiya yake ko a ƙofar gidan dagaci, ita kuwa kakarki tana ciki tana daka. In ta ji wani abu, to daga bakin maigida ne da dare, in ya ga dama.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1976 aka fara shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, 'yan mata da yawa suka shiga aji ko da shekara uku ce kafin a cire su. A 1980 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwan matan aure, ga kuma Islamiyyun dare da suka yi ta yaɗuwa. Nan da nan sai ga dubban mata sun iya karanta Hausa. Sai dai me za su karanta? A shekarar ta 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka ci wata gasa tasa. Ɗaya shi ne Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, kin ji sunan garinku. Wani kuma shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin wata Bafillatana da ta nace wa wanda take so. Shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Ki duba, shekara 47 tsakaninsa da gasar 1933.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, su Bilkisu Ahmed Funtuwa suka biyo baya da Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, maza irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi In Da So Da Ƙauna. Ba su jira kamfani ba, da kuɗinsu suka riƙa kai wa masu ɗab'i a Kano, a buga a takarda mai araha, a raba labari kashi biyu ko uku. Masu raina su suka sa musu suna adabin kasuwar Kano. Waɗanda suka kai shekara arba'in a cikinku sun tuna yadda littattafan nan ke shigowa: a ƙasan farantin 'yar talla, a cikin ƙunshin dillaliya tare da atamfa da turare, ko amarya ta zo da su daga birni a ƙasan akwati. Akwai masu ba da haya, kwana ɗaya ko biyu. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, bangonsa ya yage, a ɗinke shi da zare da allura. Wadda ta iya karatu ta karanta a fili, kishiya da uwar miji da maƙwabta suna tsinkar zogale suna ji, suna tsine wa mugun mijin cikin labarin. Daga baya gidajen rediyo suka shiga karanta su, wadda ba ta san baƙi ba ma ta sami rabonta.

Ba a bar su sun sha ruwa ba. An ce suna ɓata tarbiyya, suna koya wa yara rashin kunya da son kuɗi. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta tattara littattafan soyayya daga makarantun 'yan mata aka ƙona. Ni dai ra'ayina, an haɗa tsaki da tsakuwa. Akwai na banza a ciki, ba musu, waɗanda ba komai cikinsu sai lissafin motoci da gwala-gwalai. Amma a cikinsu ne mace ta fara faɗa da bakinta abin da ke cinta: auren dole, saki ba dalili, mijin da ya bar gida ba cefane ya tafi neman aure. Wutar ba ta hana karatu ba. Yanzu ma yawancin labaran sun bar takarda sun koma waya, ana tura su ta WhatsApp shafi shafi, ba edita ba mai dubawa. Wanda ya ɗauko littafi ya shigo da shi gida a yau ba jaji ba ce, ba dillaliyar da kika san gidansu ba ce. Shi ya sa damuwarki game da 'yar abokiyar zamanki take da tushe, kuma shi ya sa zaɓen ya dawo hannunku.

To ga sunayen. Na manya tukuna.

In ɗaya kawai maigida zai iya saya, ki ce Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta, saurayinta ɗan boko ya guje ta ya kira ta jahila, aka ɗaura mata aure da tsohon Sarkin Noma. Ta sha wuya, ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita marubuciyar ba daga nesa ta hango abin ba: ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ce, amma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara goma sha kaɗan, sai daga baya ta koma ajin manya. Ki sa a karanta shi lokacin da maigida ke kusa, ba sai kin ƙara da naki ba. Nata na biyu da zan ambata shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi mai 'ya'ya tara da mijinta ya kora saboda amarya, ta riƙe gida da sayar da abinci. Duk mai dafa wake da shinkafa ta ɗora wa yarinya talla za ta ga kanta a ciki. An fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012.

Mai son abu mai nauyi ta nemi Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Yana da kauri, kuma ba na nishaɗi ba ne: matan karkara ne da haihuwa ba asibiti, da talauci, da yadda masu mulki ke kallonsu. A cikin tsofaffi kada ki raina Shaihu Umar. Maza na karanta shi don tarihin cinikin bayi, amma ni uwar nan nake tunawa, wadda ta bi sawun ɗanta da aka sace har ta ƙetare Sahara. In kuma kina da saurayin ɗa da ya fara cewa noma wahala ce, birni zai tafi, a sayo masa Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Sabbin labarai kuwa, ki riƙa kasa kunne ga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ta ci ta farko da labarin Sansani, a kan 'yan gudun hijira, Maimuna Idris Sani Beli ta ci ta 2017 da Bai Kai Zuci Ba. Gajeru ne, an tace su, kuma a rediyo ake karanta su. Su za ki nuna wa mai kwana da waya, maimakon ki ƙwace wayar ku yi ta rigima da uwarta.

Yanzu ga 'yar aji huɗu, wadda ita ta fi damuna. Kada a fara mata da Magana Jari Ce, zai yi mata yawa ta tsani karatu. A nemo Ka Koyi Karatu, in ta gama a bi da Ka Ƙara Karatu. Iyayenmu da su suka koya, kuma har yanzu suna aiki. Bayan su a sayo Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ƙananan littattafai shida. Ga dalilin da ya sa na nace a kansu. Kin ce ba ki iya karatu ba. Amma kin san Gizo da Ƙoƙi tun kina goye. In yarinya ta zauna gabanki tana karanta tatsuniyar da kika sani, duk inda ta yi tuntuɓe kunnenki zai kama, ki ce a'a, sake dubawa. Kin zama malamarta ba tare da kin riƙe alli ba. Ki sa ta ɗora yatsa a kan kowace kalma tana faɗa, ke ma kina kallo. Na san matan da ta haka suka fara gane baƙi, daga yatsan 'ya'yansu.

In bakinta ya faɗa, sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro ke tafiya sararin samaniya. Sannan a kawo Magana Jari Ce na ɗaya, ta ji yadda aku ya riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. In akwai babbar waya a gidan, a sa wani ɗan makaranta ya sauko da manhajar African Storybook, akwai ƙananan labarai masu hotuna da Hausa kyauta a ciki.

Kuɗin takarda ya hau, na sani, kuma ba kowane littafi ake samu a kasuwar ƙauye ba. Wasu sai an shiga Kano, wajen masu littattafai na Sabon Gari ko Kurmi, wasu ma sai na hannu. Ku yi yadda kuke yin adashi: ku biyar, kowace ta sa a sayo mata guda daban, yara su riƙa zagayawa da su duk Juma'a. A ba mai zuwa cin rani ko mai kai hatsi Dawanau sunayen a rubuce, don kada mai shago ya haɗa shi da abin da ya ga dama. In littafin ya iso a naɗe shi a leda a sa cikin kwalla, saboda gara da ɗigar damina, kuma kada a bari a yage shafinsa a ƙunsa ƙuli.

Mai wasiƙa ta ƙasar Bichi, in an sayo ki sa a rubuto mana wanda aka samu da wanda ba a samu ba. Wannan karon ki gwada ba 'yar taki biron, ko layi biyu ne. Sai mun ji daga gare ku, a gaida yara.