Bayani kan jerin sunayen malam-buɗe-littafi da danginsa a yankin Kura da Bunkure

Masana ƙwari kan tanadi jerin sunayen malam-buɗe-littafi da danginsa masu yawo da dare, domin sanin irin waɗanda ke rayuwa a kowane yanki.

A Kura da Bunkure na jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin rani, wannan aiki ya shafi aljihun manomi kai tsaye, domin tsutsotsin wasu daga cikin ƙwarin ne ke cinye amfanin gona.

Me ya sa ake sabunta jerin?

Dalili na farko shi ne baƙin ƙwari. Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta ɓulla a Spain a 2006, kuma a 2016 ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na yankin, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki.

Na biyu, sunayen kimiyya kan sauya. A 2021 wasu masana sun mayar da ita rukunin Phthorimaea, abin da ke buƙatar gyara tsofaffin rubuce-rubuce.

Yaya ake aikin?

Akan kama masu yawon rana da raga, na dare kuma da tarkon fitila. Sai a rubuta wuri da kwanan wata, a kwatanta su da samfuran da aka adana, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.

Da zarar an ga ƙwaron da babu shi cikin jerin, alama ce ta a hanzarta faɗakar da manoma.