Aljanu, Fatalwa da Wuraren Tsoro a Al'adar Mutanen Ailan

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Birtaniya. Bishara ta shiga ƙasar tun ƙarni na 5. Patrick, wanda aka kama yana ɗan shekara 16 aka kai shi can bauta, ya yi shekara shida yana kiwo kafin ya gudu, daga baya kuma ya koma ya yi musu wa'azi. Daga wannan tsibiri ne 'yan mishan da yawa na Katolika suka fito suka buɗe makarantu da asibitoci a yankunan Jos da Kaduna. Duk da haka, tsoron aljanu ya zauna a ƙauyukan Ailan kafaɗa da kafaɗa da majami'a har fiye da shekara dubu. Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi bayaninsa ke nan. Labarin mutanen da aka yi wa baftisma ne, ba na waɗanda ba su taɓa jin sunan Yesu ba.

Mutanen tudu

A harshen Ailan ana kiransu aos sí, wato mutanen tuddai. Tsofaffin littattafan ƙasar, waɗanda malaman ikkilisiya ne suka rubuta su a gidajen ibada, sun ce akwai wata al'umma mai suna Tuatha Dé Danann da ta mallaki tsibirin a dā. Da aka ci su da yaƙi, sai aka raba ƙasa: 'yan Adam suka ɗauki sama, su kuma suka shige ƙarƙashin tuddai. Masana da yawa suna ganin waɗannan su ne allolin da ake bauta wa kafin zuwan Bishara, aka rage musu girma suka koma aljanu.

Talakawa kuwa sun samo wani bayani da ya yi kama da na addini. Suka ce mala'iku ne da aka koro daga sama tare da Shaiɗan, amma muguntarsu ba ta kai ta shiga wuta ba, sai suka tsaya a duniya. Wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki ko kaɗan. Ɗinki ne aka yi domin tsohon tsoro ya sami wurin zama a cikin sabuwar riga.

Ba a ambaton sunansu kai tsaye. Akan ce "mutanen kirki" ko "manya", don kada su ji haushi, kamar yadda a wurinmu wasu kan ce "mutanen ɓoye". Akan ajiye musu madara a bakin ƙofa, a yi gargaɗi kafin a watsar da ruwan wanki da dare, a rataya ƙarfe kusa da gadon jariri domin an ce suna gudun ƙarfe.

Kufai da bishiyoyi

A faɗin tsibirin an gano fiye da wurare 40,000 masu zagayayyar ganuwar ƙasa, waɗanda mutane ke kira garuruwan aljanu. Masu tonon tarihi sun bincika da yawa daga cikinsu. Abin da suka tarar shi ne kufan gidajen manoma, yawancinsu daga ƙarni na 6 zuwa na 10: an yi ganuwar ne domin kare shanu daga ɓarayi da kyarketai. Masu gidajen ma Kirista ne galibi. Da aka manta da waɗanda suka gina su, sai aka ba aljanu. Manomi zai yi huɗa ya kewaye wurin, ba zai sare ko reshe ɗaya a ciki ba, domin an ce wanda ya taɓa zai rasa shanu, ko lafiya, ko ɗa. Abin dariyar shi ne, tsoron nan ne ya adana wuraren har masu bincike suka same su.

Haka ake yi da wata bishiya mai ƙaya da fararen furanni idan ta tsiro ita kaɗai a tsakiyar gona. A shekarar 1999, da ake shirin gina babbar hanya a Latoon cikin gundumar Clare, wani mai tattara tatsuniyoyi, Eddie Lenihan, ya yi kashedi cewa wata irin bishiyar da ke wurin matattarar aljanu ce. Maganar ta bazu a jaridu, aka bar bishiyar, hanya ta wuce ta gefenta. Duk wanda ya girma kusa da tsamiya ko kukar da ba a zama a gindinta da tsakar rana ya san irin wannan lissafi: ko da mutum bai gaskata ba, ba ya so ya zama shi ne zai gwada.

Banshi da daren Sawin

Banshi, ma'ana matar tudu, ita ce mafi suna. An ce mace ce mai dogon gashi da take kuka da dare kusa da gidan da za a yi mutuwa, musamman a tsofaffin dangogi masu sunaye da ke farawa da O ko Mac. Ba ita ke kisa ba, sanarwa kawai take yi. Siffarta ta yi daidai da matan makoki da ake da su a ƙauyukan Ailan, waɗanda ke rera kuka a kan gawa, al'adar da limamai suka daɗe suna yaƙa.

Daren 31 ga Oktoba shi ne Samhain, ana furta shi Sawin, ƙarshen kaka da shigar hunturu. An ce a daren nan tuddai suna buɗewa, matattu da aljanu su yi yawo. Akwai wani kogo a Rathcroghan cikin gundumar Roscommon da marubutan dā suka kira ƙofar jahannama ta Ailan. Ranar 1 ga Nuwamba kuwa ranar tunawa da dukan tsarkaka ce a Katolika, sai bukukuwan biyu suka cuɗe. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, su ne suka kai al'adar da ta zama Halloween.

Gidajen fatalwa

Waɗannan ba su buƙatar dogon bayani, domin yawancinsu yanzu abin nuna wa 'yan yawon buɗe ido ne. Fadar Leap a gundumar Offaly tana da ɗakin sujada da ake kira na jini, inda ake ba da labarin cewa wani ɗan gidan O'Carroll ya kashe ɗan'uwansa limami a gaban bagade saboda rikicin sarauta. A kan tudun Montpelier kusa da Dublin akwai kangon gidan farauta da William Conolly ya gina wajen 1725 da duwatsun wani tsohon kabari. Iska ta yaye rufin ba da daɗewa ba, mutane suka ce Shaiɗan ne, daga baya kuma wasu attajirai mashaya suka mai da shi wurin shashancinsu. Idan muka lura, ƙarƙashin kusan kowane labarin fatalwa akwai zunubin mutum: kisa, ƙwace, ko wulaƙanta matattu.

Matsayinmu

Ba mu cewa mugayen ruhohi babu su. Ubangijinmu ya fitar da su, Markus 5 shaida ne. Amma Nassi bai ba su gona ko bishiya ko tudu su mallaka ba. Kolosiyawa 2 ta koya mana cewa a kan gicciye aka kwance musu makamai. Maimaitawar Shari'a 18 ta hana neman matattu da duba. Luka 16 da Ibraniyawa 9 kuma ba su bar wa wanda ya mutu hanyar dawowa ya yi yawo a tsohon gidansa ba. Saboda haka mai bi ba ya ajiye musu madara, ba ya kuma neman sulhu da su. Inda haɗarin ya fi girma shi ne lokacin da tsoro ya sa aka daina ganin marar lafiya a matsayin mutum. Dattawan ikkilisiya da suka taɓa zama a kan maganar yaron da aka ce maye ne, ko jaririn da aka ce an musanya, sun san inda abin kan kai. Ailan ma tana da nata misalin.

Bridget Cleary

An gaskata cewa aljanu kan sace mutum su bar wani nasu a madadinsa, mai kama da shi amma ciwo-ciwo, kuma wuta ce ke tilasta musu su dawo da na ainihin. A watan Maris na 1895, a ƙauyen Ballyvadlea cikin gundumar Tipperary, wata tela mai shekara 26, Bridget Cleary, ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji bayan ta kai ƙwai wani gida kusa da ɗaya daga cikin kufan nan. Likita ya duba ta ya ba da magani. Limami ya zo, har ya yi sujada a cikin gidan. Amma mijinta Michael, mai sana'ar gangunan katako, ya riga ya yarda cewa wadda ke kwance ba matarsa ba ce.

Mahaifinta da 'yan'uwanta suna nan aka danne ta aka ɗura mata ganyaye cikin madara. Aka ɗaga ta a kan murhu ana tambayarta da sunan Allah ko ita ce Bridget matar Michael, tana amsawa cewa ita ce. A lura da wannan sosai: da sunan Allah suka yi tambayar, kuma ba wanda ya hana. A daren 15 ga Maris mijin ya watsa mata kananzir ya ƙone ta, ya binne gawar a wani rami marar zurfi. Sannan ya riƙa zuwa kufan da dare da wuƙa a hannu, yana jiran matarsa ta fito a kan farin doki ya yanke igiyar da aka ɗaure ta.

'Yan sanda suka gano gawar ranar 22 ga Maris. A watan Yuli kotu a Clonmel ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ta yanke masa shekara 20 da aiki mai tsanani, aka kuma ɗaure mahaifinta da wasu dangi. Ya yi shekara 15, aka sake shi a 1910, ya tafi Kanada. Ita kuwa Bridget, mutanen ƙauyen sun ƙaurace wa jana'izarta. 'Yan sanda ne suka binne ta da dare a maƙabartar Cloneen, kusa da kabarin mahaifiyarta.