Kofin Youdan na 1867 da kuɗin motar da kan hana wasa

A hutun Disamban bara muka shirya wa yara ƴar gasar ƙwallo a nan Segedin. Wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Libiya ne ya ba da kofi da ƙwallo biyu. Ƙungiyoyi huɗu muka samu: biyu daga lakwal ɗinmu, ɗaya ta yaran gari da ba su karatu, ta huɗu kuma daga wata lakwal da ke kudu da mu, waɗanda wani direba ya taimaka ya ɗauko a bayan Hilux. Su ɗin ne suka kai wasan ƙarshe da yaranmu. Aka buga har rana ta faɗi babu ci, muka ce a sake karawa mako mai zuwa. Ba su dawo ba. Mushensu ya aiko da saƙo cewa iyaye ba su iya haɗa kuɗin mai karo na biyu ba. Muka miƙa wa namu kofi, aka yi tafi sama-sama. Da ake watsewa wani ɗan aji biyar ya ja ni gefe ya ce: "Mushe, mu muka ci, ko su ne ba su zo ba?"

Na rasa amsar da zan ba shi. Tambayar ce ta sa na koma karatu a kan yadda irin wannan gasa ta sili-ɗaya-ƙwale ta faro, sai na tarar matsalar tamu ta girmi kakanninmu.

Gasar kofi mafi daɗewa da aka sani a tarihin ƙwallon ƙafa an yi ta ne a 1867 a Sheffield, garin maƙera da masana'antar wuƙaƙe a arewacin Ingila. Wanda ya sa kofin, Thomas Youdan, mai gidan wasan kwaikwayo da kiɗa ne, kuma da sunansa ake kiran gasar. Ba sai an faɗa ba, mutum irin wannan ya san amfanin a riƙa ambaton sunansa a gari. Mu ma mun san masu sa kofi gab da zaɓe. Ƙungiyoyi 12 suka shiga, dukkansu na cikin garin da kewayensa, irin su Hallam, Norfolk, Mackenzie, Heeley, Broomhall da Garrick. Babu wanda ake biya a cikinsu. Ƴan dagaji ne, masu buga wasa don sha'awa bayan sun tashi daga aiki. Babbar ƙungiyar garin, Sheffield FC, wadda aka kafa tun 1857, ba ta shiga ba.

Wanda ya saba da ƙwallon yau ba zai gane wasan nan da sauri ba. Mutum 12 ne a kowane ɓangare. Ba a ƙirƙiro bugun fenareti ba tukuna, wannan sai a 1891. Kuma ba da dokokin Landan aka buga ba, Sheffield na da nata dokokin. A cikinsu akwai wani ƙaramin ci da suke kira ruj. Raga ƴar ƙarama ce, sai a kafa tuta nesa kaɗan da kowane turke. In ƙwallo ta kuskure raga amma ta bi tsakanin turke da tuta, ɗan wasan da ke kai hari kuma ya riga kowa dafe ta a bayan layi, an ci ruj ke nan. Ba ya kai darajar ƙwallo a raga, ana duba shi ne kawai in an yi kunnen doki. In shi ma bai raba gardama ba, sai a ƙara lokaci, wanda ya fara ci shi ya yi nasara. Wato tun daga farko mutanen sun zauna sun yi tunanin abin da mu muka manta da shi bara: yadda za a yi a tashi wasa da gwani tun ranar.

An fara zagayen farko ran Asabar 16 ga Fabrairu. Ran Talata 5 ga Maris aka yi wasan ƙarshe a filin Bramall Lane, ranar wani biki da Kiristoci kan yi kafin su shiga azuminsu. Wajen mutum 3,000 suka shiga kallo, kowa ya biya taro, wato kwabo uku a kuɗin Ingila na da, wanda dattawan Kano da Katsina ke tunawa. Hallam da Norfolk suka kara, babu wanda ya zura ƙwallo a raga, Hallam ta ɗauki kofi da ruj biyu. Daga farawa zuwa gamawa kwana 17.

Abin da ya ja hankalina shi ne wannan saurin. Ƙungiya 12, an gama cikin ƙasa da mako uku. Dalilin a fili yake: duk ƴan gari ɗaya ne. Mutum zai tashi daga aiki ya taka da ƙafa zuwa fili, ya buga, ya kwana a ɗakinsa. Babu kuɗin mota, babu masauki, babu neman izinin kwana biyu wajen maigida.

Amma kuma sau ɗaya aka yi ta. Youdan bai sake sa kofi ba. Shekarar da ta biyo, 1868, wani manajan gidan wasan kwaikwayo mai suna Oliver Cromwell ya sa nasa, ƙungiyoyi huɗu suka kara, The Wednesday ta ci, ita ce Sheffield Wednesday ta yau. Shi ma daga wannan bai ƙara ba. Gasar da ta rataya ga aljihun mutum ɗaya, ran da hankalinsa ya koma wani wuri ta mutu. Ɗan kasuwar da ya ba mu kofi bara, bana ban ma ga motarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba, bai yi mana alkawarin shekara biyu ba.

Gasar da ta rayu ita ce wadda ta zo bayan shekara huɗu, kuma ita da ɗingishi ta fara. Ran 20 ga Yuli 1871 Charles Alcock, sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, ya kawo shawarar a sa kofi ga dukkan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin hukumar. Malamai su lura da inda ya samo tunanin: a makarantar kwana ta Harrow inda ya yi karatu, gidajen ɗalibai kan kara da juna, wanda aka ci ya fita, har a samu zakara. Wato Kofin FA da ake kallo yau a talabijin daga Bilma har Makka, asalinsa wasan ƴan makaranta ne. An sayi kofin a kan fam 20, ƙungiyoyi ne suka yi karo-karo.

Ƙungiya 15 suka ba da suna, uku suka janye ba su taɓa ƙwallo ba. A cikin ukun har da wata makaranta, Donington, daga yankin Lincolnshire. Ƙuri'a ta haɗa ta da Queen's Park ta birnin Glasgo a Sukotland, aka kasa tsayar da ranar wasa, aka wuce da su duka biyun zagaye na gaba, ƙuri'a ta sake haɗa su, makarantar ta haƙura. A zagaye na uku kuma aka ɗaga wa Queen's Park ƙafa. Haka ta tsinci kanta a wasan kusa da na ƙarshe ba ta buga ko minti ɗaya ba.

A nan ne labarin ya zama namu. Daga Glasgo zuwa Landan wajen kilomita 650 ne, kusan tazarar da ke tsakanin Dirku da Agadas, sai dai su suna da jirgin ƙasa, mu kuwa Tenere ce a tsakani. A farkon Maris 1872 ƴan Queen's Park suka haɗa kuɗi suka je Landan suka kara da Wanderers, ƙungiyar Alcock kansa, wadda ta tara tsofaffin ɗaliban manyan makarantu. Aka tashi babu ci. Doka ta ce a sake wasa, kuma a Landan. Ƴan Glasgo suka duba aljihu suka ga ba zai ɗauki tafiya ta biyu ba, suka janye. Ran 16 ga Maris 1872 Wanderers ta ci Royal Engineers, ƙungiyar hafsoshin soja, 1 da 0 a filin Kennington Oval gaban mutum wajen 2,000, kowa ya biya sule guda. Littattafai na rubuta Wanderers a matsayin zakarar farko, kuma gaskiya ne. Amma da a ce ɗan aji biyar ɗin nan nawa yana wurin, na san tambayar da zai yi.

Bayan shekara bakwai abin ya sake faruwa, a wannan karon ga talakawa. Darwen gari ne na masaƙun auduga a Lancashire, yawancin ƴan wasansa ma'aikatan masaƙa ne. A 1879 suka haɗu da Old Etonians, tsofaffin ɗaliban Eton, makarantar ƴaƴan sarauta da attajirai. Ana cin Darwen 5 da 1, saura kamar kwata a tashi, suka farke duka aka tashi 5 da 5. Etonians suka ƙi yarda a ƙara lokaci. Sai da ƴan Darwen suka sake zuwa Landan, aka yi 2 da 2, suka sake komawa karo na uku, a nan aka ci su 6 da 2. Mutanen garin ne suka riƙa tara kwabo-kwabo don kuɗin jirgi. Don adalci in faɗa, Darwen ma ba tsarkaka ba ce a dokar lokacin: tana da ƴan wasa biyu daga Sukotland, Fergus Suter da Jimmy Love, waɗanda aka daɗe ana cewa biyansu ake yi a ɓoye.

Ni a ganina nan ne ƙaryar "wasa don sha'awa kawai" ta fito. Doka ta ce kada a biya kowa, kowa ya zo da kansa. Da jin ta ka ce adalci ne. Amma lauyan Landan da ke hawa keken doki zuwa fili, da masaƙin da zai yi asarar ladan aikin yini ya kuma biya jirgi, ba abu ɗaya dokar ta nema daga gare su ba. Ta yi shiru a kan kuɗin hanya, shirun nan kuwa mai kuɗi ya amfana. Daga baya hukumar ta fara haɗa ƙungiyoyin yanki ɗaya a zagayen farko don rage tafiya. A 1883 Blackburn Olympic, ƙungiyar masaƙa da masu aikin hannu, ta ci Old Etonians 2 da 1 ta kai kofin arewa. A 1885 aka halatta biyan ƴan wasa.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun bi irin wannan hanya. Kofin Gwamna da Arthur Richards ya sa a 1945 na ƙungiyoyin Legas ne da farko, Marine ta fara ci. A shekarun da suka biyo ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta sha ɗauka, kuma ban yi mamaki ba, ma'aikatun gwamnati ne ke da fili da albashi. Sai a 1953 Kano ta kai kofin arewa, Kanon da layin dogo ya daɗe da haɗa ta da Legas.

To mu a Kawar fa? Daga nan zuwa Dirku fiye da kilomita 100 ne, kuma duk wanda ya taɓa sayen mai a wannan hanya ya san ba a yi mata tafiyar ganin dama. Garin nan ya san matafiya tun zamanin ayarin Fezzan da Barno, gishiri da dabino sun saba fita, amma ɗauko yara 14 a kai su a dawo da su wani abu ne daban. Idan muka kwaikwayi tsarin da ake gani a talabijin, gida da waje da sake wasa, to mun riga mun zaɓi zakara tun kafin a hura usur: lakwal ɗin da ke da iyaye masu mota.

Kuskurena na bara biyu ne, kuma duka biyun mutanen 1867 da 1872 sun riga ni gani. Na farko, ban tanadi hanyar raba gardama a rana ɗaya ba. Da mun fara wasa da wuri, muka yarda tun farko cewa in an yi canjaras fenareti za a buga, da baƙinmu sun koma gida ko da kofi ko da sanin cewa an ci su a fili. Na biyu ya fi nauyi: na bar kuɗin hanya a wuyan wanda ya yi tafiya shi kaɗai, alhali mu da muka zauna gida mu muka ci moriyar zuwansa. Na kai maganar gaban kwamitin iyayen yara. Wani dattijo ya ce shi bai ga dalilin da zai sa ya biya wa ɗan wani gari mota don ya zo ya ci ɗansa ba. Wata uwa ta ce masa: "Malam, in ba su zo ba, ɗan naka da wa zai buga?" An daɗe ana ja-in-ja, kuma ban ce kowa ya gamsu ba.

Abin da aka tsayar dai shi ne, bana za a yi gasar cikin kwana biyu a wuri ɗaya, baƙi su kwana a gidajen iyaye, kuɗin mai kuma a raba shi daidai tsakanin duk ƙungiyoyin da suka shiga, na gida da na nesa. Kowane gida zai riƙa ajiye ɗan abin da ya samu wajen ma'ajin kwamiti tun daga kakar dabino. Kofin kuma na kwamitin ne, wanda ya ci ya riƙe shekara guda ya maido.

Shi kuwa kofin Youdan, wanda a gaskiya butar azurfa ce, ya ɓace shekara da shekaru ba a san inda yake ba. Sai a 1997 wani mai tara kayan tarihi a Sukotland ya tuntuɓi Hallam, ƙungiyar ta saye shi a kan fam 1,600. Har yau tana nan tana buga wasa a filinta na Sandygate, inda take tun 1860. Namu na bara yana kan kabad a ofishin darakta, kuma na aika wa mushen can cewa in sun zo bana, da wasan da ba a ƙarasa ba za a buɗe.