Stephen Keshi

Stephen Okechukwu Keshi (1962–2016) ɗan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya wanda daga baya ya zama mai horarwa. An haife shi a Azare ta Jihar Bauchi ranar 23 ga Janairu 1962, amma asalin iyayensa Illah ne, a Jihar Delta ta yau. Ɗan wasan baya ne, mai ƙirar ƙarfi da babbar murya, kuma ana masa laƙabi da "Big Boss", wato babban maigida.

Ya fara da ACB ta Legas, sannan New Nigeria Bank ta birnin Benin. Da hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi kan makarar zuwa sansanin tawagar ƙasa, sai ya tsallaka Kwaddibuwa. Hukuncin ya zame masa gobarar Titi, domin daga Abidjan ya wuce Beljiyam a 1986, ya buga wa Lokeren da Anderlecht, daga bisani Strasbourg ta Faransa. Ta wannan hanya da ya share 'yan wasan Najeriya da dama suka bi zuwa Turai. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles lokacin da ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ta kuma halarci Kofin Duniya karo na farko a Amurka.

A aikin horarwa kuwa ya sha yin noma wani ya girbe. Yana mataimakin Shu'aibu Amodu suka samar wa Najeriya gurbi a Kofin Duniya na 2002, aka sallame su kafin gasar. Ya kai Togo Kofin Duniya na 2006, abin da ba ta taɓa gani ba, nan ma aka kore shi bayan Kofin Afirka a Masar da saɓaninsa da ɗan wasan Togo Adebayor, aka miƙa wa Bajamushe Otto Pfister tawagar. Ya riƙe Mali daga 2008 zuwa 2010.

A 2011 aka ba shi Najeriya. Ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗebo yaran da ke wasa a gida, 'yan jarida suka yi masa ca. Ɗaya daga yaran nan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa ta Drogba daga Kofin Afirka, shi ya kuma ci ɗaya tilo a wasan ƙarshe da Burkina Faso a Johannesburg, ranar 10 ga Fabrairu 2013. Kafin Keshi, Mahmoud El-Gohary na Masar kaɗai ya ɗaga kofin yana ɗan wasa ya sake ɗagawa yana koci. Washegarin wasan ƙarshen Keshi ya ce ya ajiye aiki, sai da aka lallashe shi. Duk da haka akan yi watanni ba a biya shi albashi ba.

Ya kai Najeriya zagaye na biyu na Kofin Duniya a Brazil a 2014, Faransa ta cire ta da ci 2–0. An sallame shi a Yulin 2015. Matarsa Kate ta rasu a Disamban shekarar, shi kuma ya bi ta a Yunin 2016 a birnin Benin, yana da shekara 54. 'Yan kwanaki bayansa Amodu ma ya rasu. Filin wasan Asaba na ɗauke da sunansa.