Kome da yafiya a cikin littattafan soyayya

A cikin ƙagaggun labaran soyayya akwai wani reshe da ke farawa daga inda aka riga aka ɓata. An yi alkawari an saɓa, ko an yi aure an rabu, ko wani ya zalunci wani, shekaru sun shuɗe, sannan al'amura suka sake haɗa fuskokin nan biyu. Abin da ke riƙe mai karatu a irin wannan labari shi ne tambayoyi biyu: shin mai laifin ya sauya da gaske, kuma shin wanda aka cuta ya kamata ya yafe?

Ginin labarin ba ya rasa laifi mai nauyi, da tazarar lokaci, da kuma shaidar tuba. Ta ukun ce ke ba marubuta wahala. Cewa "na tuba" da baki ba ta gamsar da kowa, don haka sai an ga mai laifin ya rasa wani abu, dukiya ko lafiya ko girman kai, kafin mai karatu ya yarda a buɗe masa ƙofa.

Misalin da aka fi ambata a adabin Ingilishi shi ne Persuasion na Jane Austen, wanda ya fito a ƙarshen 1817, watanni kaɗan bayan rasuwarta. Anne Elliot tana da shekara 19 ta janye daga alkawarin aure da Frederick Wentworth, matashin sojan ruwa marar abin hannu, saboda shawarar Lady Russell, aminiyar mahaifiyarta marigayiya. Bayan shekara takwas ya dawo yana kyaftin, da dukiyar da ta kai fam 25,000 daga ganimar yaƙin Napoleon, a daidai lokacin da bashi ya sa mahaifin Anne ya ba da gidan gadonsu haya. Babu mugu a tsakaninsu. Ita ta bi maganar manya, shi kuma ya riƙe ta a zuciya, kuma littafin ya ɗauki lokaci yana nuna cewa riƙon ma laifi ne da ke bukatar tuba.

Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847, ya fi tsanani. Ranar ɗaurin aure Jane ta gano cewa Rochester yana da mata a kulle a saman gidansa, sai ta fice. Ba ta dawo ba sai da gobara ta cinye gidan, matar ta mutu, shi kuma ya rasa gani da hannu ɗaya. Abin lura, Jane ta dawo ne bayan ta gaji dukiyar kawunta, wato ba yunwa ce ta koro ta ba. A Amurka kuma marubutan Kirista sun ba jigon launin addini, kamar Redeeming Love na Francine Rivers, na 1991, wanda aka gina kan labarin Hosiya na Tsohon Alkawari.

A ƙasar Hausa jigon ya tarar da sunayensa a ajiye, domin al'ada da shari'a sun riga sun shata masa hanya. Akwai yaji, akwai biko, akwai kome. Saki ɗaya ko biyu yana barin damar mayar da mace cikin idda ba tare da sabon ɗaurin aure ba. Idan idda ta cika, sai da yardarta, da sabon sadaki da waliyyi da shaidu. Bayan saki uku kuwa ƙofa ta rufe har sai ta auri wani aure na gaskiya, shi ya sa auren kisan wuta, wanda malamai suka haramta, yake yawan leƙowa cikin labarai a matsayin dabarar mai nadama. Marubucin Hausa ba ya bukatar ƙirƙiro shinge tsakanin masoya. Kalma ɗaya da miji ya furta cikin fushi ta isa ta ɗauki littafi guda.

Wani bambancin shi ne yawan masu hannu a cikin yafiyar. Anne da Wentworth su biyu suka sasanta, da wasiƙa guda. Bazawarar littafin Hausa kuwa tana fuskantar iyaye da yayye da surukai, kowa da kalmar "haƙuri" a bakinsa, kowa yana nuna mata 'ya'ya.

Littafin da ya fi fito da wannan fili shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wanda ya fito a 1990, lokacin da littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano suke tashe. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai hali amma mai ƙuntata wa iyalinsa, kuma sun haifi 'ya'ya tara. Ya auro Delu, wadda ta yi zaman kanta, rigima ta tashi, ya saki Rabi ya kore ta da yaran gaba ɗaya. Da sana'ar sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta auri attajiri, Alhaji Abubakar. Sannan alhaki ya biyo ubangidansa: gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu a kasuwa, arziki ya kare, zama da Delu ya watse, ya dawo yana neman Rabi.

Har nan labarin ya bi tsohuwar hanya, har da gobarar da ke hora namiji kamar yadda ta hora Rochester. Inda ya kauce shi ne ƙarshensa. Rabi ba ta so komawa ba. Mazan da ke kewaye da ita ne suka matsa, ta koma, kuma ita ce ke ɗauke da nauyin gidan da aka taɓa korar ta daga cikinsa. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka tana sharɗanta wa irin waɗannan littattafai ƙarshe mai faranta rai da kyakkyawan fata. Balaraba ta ba da komen, amma ta hana shi zaƙi, kuma a nan ƙarfin littafin yake. Nadamar Alhaji Abdu ta zo ne bayan aljihu ya bushe, kuma marubuciyar ba ta yi wa mai karatu rantsuwa cewa halinsa ya sauya ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin wanda ya tuna da uwargida bayan karayar jari zai gane mutumin.

An mayar da littafin fim a 1998, sannan a 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi wadda Aliyu Kamal ya yi.

Yanzu yawancin labaran soyayya na Hausa sun koma waya, ana sakin su babi-babi a Wattpad da WhatsApp, ana kuma karanta su da murya a YouTube. Jigon bai tsufa ba. Miji mai girman kai da aka haɗa shi aure da yarinyar da ya raina, ya wulaƙanta ta, ta tafi ta yi karatu ko ta kafa sana'a, ya dawo yana bin ƙafa: wannan zubi ya cika su. Abin da ya ƙaru shi ne tsawon horon. Jarumar ta yau takan dawo da digiri ko da jarinta, kuma marubuciya kan ja babi da yawa mijin yana zarya a ƙofar gidan surukai kafin a ce masa ya turo magabatansa.