Dietrich Fischer-Dieskau, mawaƙin Jamus da ya kai waƙoƙin Schubert ko'ina a duniya

A tsarin waƙoƙin gargajiyar Turai ana rarraba muryoyin maza ne gwargwadon kaurinsu, kuma wadda ake kira bariton ita ce ta tsakiya, ba siririya ba, ba kuma mai kauri ainun ba. Da wuya a samu wanda ya yi suna da wannan murya a ƙarni na 20 kamar Dietrich Fischer-Dieskau, wanda aka haifa a birnin Berlin ran 28 ga watan Mayun 1925.

Bai yi nisa da koyon waƙa ba aka ɗauke shi aikin soja a shekara ta 1943. Sojan Amurka sun kama shi a Italiya a 1945, inda ya yi kusan shekaru biyu a sansanin fursunonin yaƙi yana rera wa 'yan'uwansa Jamusawa waƙoƙi. Wani ɗan'uwansa naƙasasshe kuwa, yunwa ce ta kashe shi a gidan da gwamnatin Nazi ta tsare shi.

Bayan komawarsa gida a 1947 nan da nan tauraronsa ya fara haskawa. A 1948 ya fara fitowa a opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa, a cikin Don Carlos na Verdi a Berlin. A 1951 ya yi waƙa a bikin Salzburg na ƙasar Austriya ƙarƙashin jagorancin Wilhelm Furtwängler, kazalika a London. Ya fara rangadi a Amurka a 1955, ko da yake akasarin wasanninsa na opera a Berlin da Munich ya yi su.

To sai dai ainihin shahararsa ta samo asali ne daga abin da Jamusawa ke kira Lied: mawaƙi ɗaya tilo a kan dandali, ba kayan ado ba 'yan amshi, sai mai kaɗa piyano, yana rera baitocin wani marubuci. Tare da Gerald Moore ɗan Ingila ya ɗauki waƙoƙin Schubert sama da 400 a faifai, aikin da suka kammala a 1972. Yakan ba kowace kalma haƙƙinta, ta yadda ko wanda ba ya jin Jamusanci zai gane inda baƙin ciki ya shigo. Wannan baiwa ita ce kuma ta jawo masa suka. Masani ɗan Faransa Roland Barthes na daga cikin waɗanda suka ga cewa ƙwarewar ta yi yawa har ta rufe ɗanɗanon muryar kanta.

Muhimmiyar rana a tarihinsa ita ce 30 ga watan Mayun 1962. A ranar aka fara gabatar da War Requiem na Benjamin Britten a sabuwar majami'ar Coventry, wadda aka gina a gefen tsohuwar da jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza a 1940. Britten ya so a ce mawaƙa uku daga ƙasashen da suka gwabza yaƙi su tsaya tare: Peter Pears daga Ingila, Galina Vishnevskaya daga Tarayyar Sobiyet, sai Fischer-Dieskau, tsohon sojan Jamus. Hukumomin Mosko sun hana Vishnevskaya zuwa, Heather Harper ce ta maye gurbinta.

A 1978 ya fito a matsayin sarki Lear a operar Aribert Reimann a Munich, wadda shi ne ya nemi a tsara ta. Ya daina waƙa a bainar jama'a a ƙarshen 1992, ya mai da hankali ga koyarwa, rubuce-rubuce, zane da jagorantar makaɗa. Ya rasu ran 18 ga watan Mayun 2012 a garin Berg na jihar Bavariya, kwanaki goma kafin ya cika shekaru 87, ya bar matarsa Julia Varady, ita ma mawaƙiyar opera, da 'ya'ya maza uku.